Yadda ganyen ciyawa ke adana labarin danshin iska: tambayoyi da amsoshi

Mazaunin Kano ba ya buƙatar na'ura kafin ya bambance iskar Janairu da ta Agusta. Da hunturu leɓe kan tsage, wanki ya bushe tun ba a gama shanya ba. Da marka kuwa gishiri kan jiƙe a kwano, tufafi su kwana a igiya. A alƙaluma, danshin iska da tsakar rana a hunturu yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, a Agusta kuma ba wuya ya kai 70 ko ya wuce. Sai dai awon yanayi da muke da shi a rubuce bai wuce na shekara ɗari da 'yan kai ba, kuma mafi tsufansa na ruwan sama ne. Mai son sanin danshin shekara 500 ko 5,000 da suka wuce dole ya nemi shaida a wani wurin, kuma ɗaya daga cikin wuraren shi ne jikin ciyawa. Ga tambayoyin da ɗaliban kimiyyar ƙasa da na aikin gona suka fi yi a kan wannan hanya.

Mene ne nau'o'in oksijin, kuma me ya haɗa su da danshi?

Kowace ƙwayar zarra ta oksijin tana da ƙananan gutsattsari iri biyu a tsakiyarta, furoton da niyutiron: furoton ɗinta 8 ne, amma niyutiron ɗinta kan zama 8 ko 9 ko 10. Shi ya sa ake da nau'i uku da ba sa rikiɗa: O-16, O-17 da O-18. O-16 ne ya cika duniya, kusan kashi 99.76 cikin 100. O-18 kusan 0.2 ne, O-17 kuma bai kai 0.04 ba. Dukkansu suna shiga ruwa, ɗanɗano ɗaya, kamanni ɗaya, nauyi ne kawai ya bambanta.

Idan ruwa yana zama tururi, mai sauƙin ya fi saurin tashi, sai nau'in mai nauyi ya riƙa taruwa a ruwan da ya rage. Iska busasshiya tana jan tururi da ƙarfi ba ta mayar da komai, don haka taruwar ta yi yawa. Iska mai laima kuwa tana karɓa tana mayarwa, sai taruwar ta yi kaɗan. Ana rubuta sakamakon da alamar δ18O, a kashi cikin dubu, a kwatanta da wani ruwan ma'auni mai suna VSMOW wanda Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da ke Biyana ke rabawa.

Ashe ruwan da ke jikin tsiro ba shi ne wanda saiwa ta sha ba?

Daga saiwa zuwa kara, shi ne. Saiwar yawancin tsirrai ba ta zaɓe tsakanin nau'o'in oksijin, abin da ta tarar a ƙasa shi take turawa sama. Ruwan da ke gindin karan gero daidai yake da ruwan ƙasar da saiwar ta kai gare shi.

A ganye ne labari ke sauyawa. Fatar ganye cike take da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan tsiro ke shaƙar iskar kabon, ta nan kuma tururi ke fita. Abubuwa biyu ne ke tace ruwan a wannan wuri. Na farko shi ne sauyawa daga ruwa zuwa tururi, wanda a zafin digiri 30 yake barin ruwa ya fi tururinsa O-18 da kusan 9 cikin dubu. Na biyu shi ne kutsawar tururin ta ƙofofin, inda mai nauyi ke jan ƙafa, bambancin ya kai kusan 28 cikin dubu. Masana Craig da Gordon ne suka tsara lissafin a 1965 don ruwan da ke buɗe, daga baya a shekarun 1970 aka ɗora shi a kan ganye.

Idan tururin da ke iska ya daidaita da ruwan da tsiro ke sha, lissafin yana da sauƙi: a haɗa 9 da 28 a sami 37, a ninka da abin da ya rage wa iska ta cika da danshi. Danshi na kashi 80 ya bar 0.2, ke nan ruwan ganye zai ɗara na kara da 7.4 cikin dubu. Danshi na kashi 20 ya bar 0.8, sai a sami kusan 30. Wannan tazara babba ce ƙwarai, domin na'urorin yau suna gane bambancin 0.1.

Akwai tarko guda da ɗalibai ke yawan faɗawa. Danshin da lissafin ke nema ana auna shi ne da zafin ganye, ba da zafin iska ba. A ce iska tana digiri 30, danshi kashi 60, amma ganyen da rana ke duka yana digiri 32. Ƙarfin tururin da zai cika iska a digiri 30 kilofaskal (ma'aunin matsin iska) 4.24 ne, a digiri 32 kuma 4.75. Kashi 60 na 4.24 shi ne 2.54, a raba da 4.75, sai ga shi ganyen yana jin danshi na kusan kashi 54. Digiri biyu kacal sun cinye maki shida.

Ko'ina a ganye ɗaya ne?

A'a, musamman a dangin ciyawa masu dogon ganye. Ruwa yana shiga ta gindin ganye ya bi jijiyoyi zuwa tsini, a hanya yana fita yana komawa, kamar ruwan da ke malala daga kududdufi zuwa na gaba, kowanne rana ta sha rabonta kafin ya miƙa saura. Kafin ya kai tsini ya yi nauyi sosai. Helliker da Ehleringer sun nuna a shekarar 2000 cewa ciyayi masu tsarin C4 sun fi na C3 wannan taruwa, saboda jijiyoyinsu sun fi kusa da juna. C4 da C3 hanyoyi biyu ne da tsirrai ke bi wajen mayar da iskar kabon abinci. Gero, dawa, masara, rake, gamba da kyasuwa duk C4 ne. Shinkafa da alkama C3 ne. Wanda ya yanko tsinin ganyen dawa yau, gobe ya yanko tsakiya, ya kwatanta su, wurin yanka ya auna, ba danshi ba.

Ganye yana ruɓewa, ruwansa ya tafi. To me ke saura har a karanta bayan shekaru dubbai?

Silika. Duk wanda ya taɓa ratsa gonar rake ko ta dawa da guntun hannun riga ya san yadda gefen ganye ke yanka fata, wanda ya yi sussuka kuma ya san ƙaiƙayi. Silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, mai ɗauke da oksijin a jikinsa, na da hannu a duka biyun. Saiwa tana shan ta a narke tare da ruwan ƙasa, idan ruwan ya tashi a ganye sai ta daskare a cikin ƙwayoyin halittar fatar ganyen ko a tsakaninsu, ta ɗauki siffarsu. Ana kiran waɗannan gutsattsari faitolit, wato duwatsun tsiro. Yawancinsu ba su wuce maikuron 5 zuwa 200 ba, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A busasshiyar ciyawa silika kan kai kashi 1 zuwa 5 na nauyi, a karan shinkafa ta kai 10 ko fiye, tokar ɓuntun shinkafa kuwa kusan kashi 90 nata silika ce.

A ƙarƙashin madubin ƙara girma suna da kyan gani. Na dangin gero da dawa da gamba suna da kai biyu da siririn ƙugu, wasu kuma siffar gicciye. Na ciyayin busassun wurare suna da siffar sirdi. Na goruba da giginya da dabino ƙwallaye ne masu ƙayoyi, na itatuwa masu faɗin ganye kuma ƙwallaye masu kaushi. Wannan siffa tana da amfani sosai nan gaba.

Oksijin ɗin da ke jikin silikar ya daidaita ne da ruwan da ta daskare a cikinsa, tare da ƙarin da ya haura 30 cikin dubu. Ganye zai ruɓe, gara ta cinye, amma silikar ta zauna a ƙasa ko a laka da wannan tambari a jikinta.

To me ya hana a auna O-18 kawai a huta?

An gwada. Webb da Longstaffe a Kanada sun yi aiki mai zurfi a kan O-18 na silikar ciyawa a farkon shekarun 2000. Matsalar ita ce lamba ɗaya tana ɗauke da abubuwa uku: irin ruwan saman da aka yi, zafin da silikar ta daskare a cikinsa, da danshin iska. A ƙasashe masu zafi irin namu ruwan sama mai yawa yakan zo da ƙarancin O-18, ruwan farkon damina kuwa da O-18 mai yawa. Idan lambar ta hau a wani zurfi na laka, ba mai iya rantsuwa cewa iska ce ta bushe, ba ruwan saman ne ya sauya ba.

O-17 ne ya warware wannan ƙulli. Duk abin da ya motsa O-18 yakan motsa O-17 da kusan rabin haka, amma rabin ba iri ɗaya ba ne a kowane hali. Barkan da Luz a Jami'ar Hibru sun auna shi a 2005 da 2007: a sauyawar ruwa zuwa tururi cikin daidaito 0.529 ne, a kutsawar tururi cikin iska kuma kusan 0.518. Ruwan sama na duniya yana bin layin 0.528. Sai aka ƙirƙiro lambar da ake kira rarar O-17: a ɗauki δ17O, a debe 0.528 sau δ18O, bayan an mayar da kowannensu zuwa sigar logaridim. Abin da ya rage ƙanƙane ne, ana ƙirga shi a kashi cikin miliyan.

Ga inda daɗin yake. Tunda 0.529 da 0.528 kusan ɗaya ne, zafi da yawan ruwan sama ba sa motsa rarar sosai, shi ya sa ruwan sama a yawancin wurare ke tsayawa tsakanin 10 da 50 cikin miliyan. Kutsawar tururi kuwa, mai 0.518, tana jan rarar ƙasa da ƙarfi, kuma bushewar iska ce ke ƙara ta. Ruwan ganye a busasshiyar rana yakan faɗi ƙasa da sifiri da ɗari ko ɗari biyu.

A 2018 Anne Alexandre da abokan aikinta na cibiyar CEREGE a kudancin Faransa suka shuka ciyawa a ɗakunan da ake saita danshinsu, suka kuma auna duwatsun tsiro daga ƙasar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Sun sami layi miƙaƙƙe: a ninka danshi da 4.1 a debe 490, a sami rarar O-17 ta silika. Danshi 80 ya ba da kusan −162, danshi 40 ya ba da −326. A 2021 Outrequin da sauran ƙungiyar suka sake gwajin da zafi daban-daban da yawan iskar kabon daban-daban, layin bai kauce sosai ba. A taƙaice, duk maki ɗaya na danshi yana motsa rarar da kusan 4 cikin miliyan.

Danshin wane lokaci ke nan silikar ke faɗa? Na shekara gaba ɗaya?

Nan ne aka fi yin kuskure wajen fassara, kuma a ƙasar Kano kuskuren zai yi muni fiye da wurare da yawa. Silika tana taruwa ne sa'ad da ganye ke raye yana fitar da tururi, wato da rana, a lokacin girma. Ciyawar dajinmu tana tsirowa a Yuni, ta bushe a Oktoba. A Janairu, lokacin da danshi ke ƙasa da 20, matacciya ce, ba ta rubuta komai. Saboda haka lambar da za a samu daga tsohuwar ƙasa danshin ranakun damina ce zuwa farkon kaka. Ba matsakaicin shekara ba ce, ba kuma awon milimitar ruwan sama ba. Ana iya samun shekara mai ruwa kaɗan da hadari mai yawa, danshi ya zauna a sama. Ana iya samun mai mamakon ruwa a 'yan kwanaki da dogon tsayawar ruwa a tsakani.

A ganinmu wannan iyaka ba nakasu ba ce. Danshin damina da rana shi ne ainihin abin da ke nuna ko gero zai sha wuya ko zai sake.

Sai a kula da ƙarshen damina. Ganye yana ci gaba da tara silika har ya tsufa, a nan kuwa danshi na faɗuwa da sauri daga ƙarshen Satumba. Dawar da ke kaiwa Nuwamba a gona za ta ɗauki busasshiyar iska fiye da geron da aka girbe tun Satumba. Noman rani kuma labarinsa daban. Alkamar Kadawa tana girma ne cikin hunturu, tana shan ruwan madatsar Tiga da rana ta riga ta taɓa a tafki da magudanai. Irin wannan ruwa rararsa ta faɗi tun kafin ya shiga saiwa, don haka dole a auna shi a cire tasirinsa.

Abu na ƙarshe: ciyawar da aka yi gwajin Faransa da ita ta ƙasashen sanyi ce, C3 ce, zafin ɗakunan ma bai kai na tsakar ranar Kano ba. Kafin a ɗora waccan lamba a kan gamba da kyasuwa da zuciya ɗaya, ya kamata a shuka su a nan, a auna danshi a gefensu damina biyu ko uku, a ga ko layin ya tsaya.

Idan ɗalibi zai fara wannan aiki a gona, me zai ɗauko, kuma yaya?

Abu biyar: ganye, gindin tsiro, ƙasa, ruwan sama, da awon iska.

Ganye ana yanka shi tsakanin ƙarfe 12 da 2 na rana, lokacin da fitar tururi ta zauna daram, kuma bayan raɓa ta bushe sarai. A ɗauki ganye cikakke daga gindi zuwa tsini, a zare babbar jijiyar tsakiya idan dawa ce ko masara domin ruwanta na kara ne, a naɗe a tura cikin 'yar kwalbar gilashi mai mililita 12 mai murfin roba, a rufe kafin minti ɗaya, a naɗe bakin da tef. Leda ba ta yi, tururi na ratsa ta. Kada a bar kwalba a rana ko a cikin mota, a jefa ta cikin kula mai ƙanƙara nan take.

Don sanin ruwan da tsiro ke sha, a tuge shi a yanki mahaɗar saiwa da kara, a ɓare koren ɓawon da ke kai, domin duk wani kore yana fitar da tururi. Ƙasa kuma a ɗebo daga zurfi daban-daban, misali santimita 5, 10, 20 da 40, saboda ta sama rana ta riga ta sauya ruwanta. Ruwan sama a tare shi da mazurari mai dogon bututu da ya kai gindin jarka, a kwashe da zarar an ɗauke. Tsohuwar dabarar zuba man farafin a kai tana hana tashin tururi, amma man yana rikita na'urar leza da ake auna nau'o'in oksijin na ruwa da ita. Kwalbar ruwa a cika ta fal, a ajiye a firji, kada a daskarar don za ta fashe. Na'urar auna zafi da danshi a rataye ta daidai tsayin ganye, cikin inuwa, tana rubutawa duk minti 10 ko 15, a riƙa auna zafin ganyen kansa da ma'aunin zafi na nesa.

Ganye da gindi kuwa firiza suke so. Idan wuta ta ɗauke suka narke suka kwana biyu, sai su fara tsami su fitar da sinadarin etanol, wanda na'urar leza ke ɗauka a matsayin ruwa ta ba da lambar ƙarya. Wanda ba shi da tabbacin wuta ko sola, gara ya tsara yadda zai fitar da ruwan cikin kwanaki kaɗan.

Fitar da ruwan ana yinsa ne a bututun gilashi da aka zuƙe iskarsa: a dumama samfur zuwa digiri 90 ko 100, a kama tururin a ɗaya ɓangaren da ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, na awa biyu zuwa uku. A auna nauyi kafin a fara, bayan an gama, da bayan an busar a tanda mai digiri 105. Idan abin da aka kama bai kai kashi 98 na ruwan ba, a zubar. Mai sauƙi ne ke fara fita, mai nauyi ya maƙale a baya, sakamakon zai nuna iska ta fi laima fiye da yadda take.

Silikar fa, yaya ake raba ta da sauran tarkace?

Hanya mafi arha ita ce ƙona ganye a digiri 500 a tattara toka. Ta wadatar idan siffa kawai za a duba, amma tana sauya oksijin, don haka ba ta shiga wannan aiki. Asid ake amfani da shi. A wanke busasshen ganye kamar giram 10 da tataccen ruwa, a jiƙa a asid na HCl don cire sinadaran alli, sannan H2SO4 da H2O2 da HNO3 su cinye naman ganyen, zafi kada ya wuce digiri 80. Ana maimaitawa har abin da ya rage ya zama fari tas. Wannan aiki ne na akwatin zuƙe hayaƙi, da tabarau da safar hannu, ba na kan teburin aji ba.

Daga ƙasa ko laka, bayan asid sai a warware yumɓu a tsiyaye shi, a zuba saura a ruwa mai nauyin giram 2.3 a kowane mililita, irin na ZnBr2. Duwatsun tsiro ba su wuce wannan nauyi ba, sai su taso. Yashi mai 2.65 ya nutse.

A nan Kano muna da matsalar da masu aiki a Turai ba su cika damuwa da ita ba: ƙurar hunturu. Wani kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, gindin tsohon tafki ne, cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom. Ɓawon nan shi ma silika ne, nauyinsu ɗaya, yana tasowa tare da abin da ake nema. Ƙurar tana ɗauko har duwatsun tsiro na wasu wurare. Gurɓatar kashi 5 da abin da ya bambanta da 20 cikin dubu tana karkatar da δ18O da 1 cikin dubu. Saboda haka sai an ƙirga aƙalla ƙwaya 200 a madubi, an rubuta nawa ne na ganyen ciyawa, nawa na itace, nawa baƙi masu alamar gobarar daji, nawa dayatom. Silikar kara da ta itace ta daskare ne a ruwan da bai tashi ba, idan ta yi yawa sai ta sa wuri ya yi kamar ya fi laima.

Awon ƙarshe fa?

Silikar tsiro tana riƙe da ruwa a jikinta wanda ke musayar oksijin da duk ruwan da ya taɓa ta, har da na wanki a ɗakin gwaji. Ana korar shi da zafin digiri 1,100 cikin iskar naitirojin. Daga nan a ɗauki kamar miligiram 1.5, a harba masa leza cikin iskar BrF5, oksijin ya fito zalla, a tura shi na'urar tantance nauyin ƙwayoyin zarra. Kuskuren awo kusan 10 ne cikin miliyan, wato maki biyu zuwa uku na danshi. A tsohuwar ƙasa mai gauraye, mai hankali zai ɗauka kuskuren ya kai maki biyar ko fiye.

Ɗakunan gwaji masu yin wannan mataki ƙalilan ne a duniya, sai an haɗa gwiwa da su. Amma shuka, ɗiban samfur, tara ruwan sama, tace silika da ƙirga siffofi duk abubuwa ne da sashen kimiyyar ƙasa ko Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero za su iya tsarawa, kuma ingancin sakamako ya fi rataya a kansu.

Ina ya dace a tona don neman tsohon danshi?

Wurin da laka ta kwanta shekara bisa shekara ba a motsa ta ba. Kududdufan cikin birni ba su dace ba: yawancinsu ramukan ɗiban ƙasar gini ne, an yi ta haƙa ana cikewa da shara. Gindin Tiga ya fara taruwa ne a 1974, ba zai kai can baya ba, amma yana da wani amfani babba, domin ya ratsa farin 1983 da 1984, kuma akwai awon tashar yanayi ta filin jirgin saman Malam Aminu Kano da za a gwada shi da shi.

Don zamanin da, sai a nufi gabas. An riga an ciro laka daga tafkin Tilla a tsaunin Biu da kuma Kajemarum a yankin Manga na jihar Yobe, an yi nazarin garin furanni da sinadaranta. Sun nuna cewa daga kusan shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce yankin ya fi yanzu ruwa nesa ba kusa ba, lokacin da Tafkin Chadi ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 350,000. Kwalekwalen Dufuna da aka gano a 1987, mai kimanin shekara 8,000, na wannan zamani ne. Garin furanni yana faɗin irin itatuwan da suka tsiro, tsohuwar gaɓar tafki tana faɗin inda ruwa ya kai. Adadin danshin iskar damina kuwa silika ake tambaya, kuma santimita ɗaya na irin wannan laka, idan ciyawa ta yi yawa a wurin, yakan ba da miligiram ɗin da awo ke buƙata. A raba lakar gida biyu tun daga farko, rabi don silika, rabi don tantance shekaru da kabon-14, kuma a rufe kowane yanki a kwalba tun a bakin rami kafin ƙura ta sauka a kai.